Idon Yayarki da Ban Duba Ba

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Mariyama, autar gidana.

Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah takardar nan ta iske ki lafiya a Tasawa tun ba ki hau motar Yamai ba. Allah ya tsare ki a hanya, ya tsare wanda zai ja ku, ya sauke ki cikin mutanen kirki. Innarki na gaishe ki, ta ce in tambaya ko kin sa ƙullin yajin a jaka, ko kuwa kin bar shi bisa gado kamar yadda kika saba barin komai. Labarin gari ba zan ba ki ba, kin san shi. Damina ta yaudare mu, rumbuna sun zama wurin kwanan kaji, soja sun sake hawa, kowa na magana ƙasa-ƙasa. Ba wannan ya sa na ari bik na rubutu na zauna ƙarƙashin itacen bedi tun hantsi ba. Rubutuna na yaƙi da jahilci ne, in kin ga baƙi ya karkace ki miƙe shi da kanki, ke ce 'yar lakwal, mai karatun boko. Da na so da na ari salula na kira ki, amma maganar nan in na fara ta da baki ba zan kai ƙarshenta ba.

Na yi murna da ƙungiyar nan ta masu taimako ta zaɓe ki daga gidan likitan Kona, za ta koya miki aikin ido shekara biyu. Na yi murna har na wuce gona da iri, za ki ji yadda aka yi. Amma ga abin da ke gabana yau. Yayarki ido ɗaya ya rage mata, shi ma yana hanyar tafiya. Masu aikin ido za su sauka Mayahi ranar Laraba, kwana uku za su yi. Ta ce ba ta zuwa, ke take jira. Kafin in gaya miki abin da nake so ki yi, sai kin ji yadda ɗayan idon ya tafi, don abin da aka gaya miki tun kina ƙarama, wai ƙyanda ce ta cinye shi, rabin gaskiya ne. Sauran rabin ni ne.

Barira. Ga shi na rubuta. Shekara talatin da ɗoriya sunan nan bai fito daga bakina ba, don ita ce ɗiyata ta fari. Ke kin tashi kina hawa wuyana kina jan gemuna, ba ki san wannan ba sai a ji. Ita tun da aka yaye ta aka miƙa wa tsohuwata, Kaka Dije, kamar yadda aka yi wa kowane ɗan fari a garin nan. Ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta, in ta shigo zaure sai in sami abin dubawa a wani gefen. "Yarinyar can" nake cewa, ko "ta wajen Inna". Haka ubana ya yi wa yayana, haka na iske, kuma ban taɓa jin abin ya yi mini nauyi ba sai da ya zo da abin da ya zo da shi.

Lokacin da hukuma ta ce kowane gari ya fid da mutum ɗaya a koya masa taimakon farko, ni aka zaɓa. Ba don na fi kowa hankali ba, don dai na iya karanta takarda kuma ba ni zuwa cin rani. Kwana goma muka yi a Mayahi. Aka ba ni akwatin katako mai kwaɗo, da maganin zazzaɓi, da jan maganin miki, da man ido a 'yan ƙananan bututu. Sakuris ake ce mana. Na dawo gari ina taku kamar ni na gina gidan likitan da hannuna. In na ɗauko akwatin nan har tsofaffi matsa mini suke, ni kuwa ina jin daɗi. Ki kula da wannan tun yanzu, Auta. Ranar da aka sa miki farar riga aka fara ce miki likita, wani abu zai hau kanki wanda ba ki san da shi ba. Ni kwana goma kawai na yi ya hau ni, ke shekara biyu za ki yi.

Sai shekarar nan ta zo da hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Ba a haife ki ba. Soja ke mulki a lokacin, kamar yanzu. Mata suka koma jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, ana dafa ganyen jiga a ci ba mai ba gishiri. Shanu suka mutu, nono ya ɓace daga gari. Yara suka fara dundumi, da magariba ta yi sai ka ga yaro yana lalube yana karo da turmi. Mu dariya ma muke yi musu. Ban san cewa ido ne ke faɗin yunwarsa ba, ba a koya mana wannan ba, ko kuwa an koya ina gyangyaɗi. Da bazara ta kama sai ƙyanda ta shigo. Gida-gida ta bi. Yaro ya yi zazzaɓi, ƙuraje su feso, ido ya yi ja ya cika da kwantsa ya manne. Aka yi ta kai ƙananan gawa bayan gari har aka daina tsayawa zaman makoki.

Ni kuwa na yi aiki, wannan ba zan ƙaryata kaina ba. Kullum da safe ina tafasa ruwa da ɗan gishiri, in bi gidaje, in wanke idon yaro, in buɗe fatar da yatsa in matsa mai. Yaran mutane na yi wa haka, har na Buzayen da suka sauka gefen gari bayan dabbobinsu sun ƙare. Barira shekararta huɗu. Ita ma ta kamu, tana kwance ɗakin Kaka Dije, an toshe ƙofa da tabarma don kada haske ya taɓa ta. Daga ɗakina zuwa ɗakin nan taku ashirin ne. Kullum sai in tsaya bakin ƙofa da akwatina a hannu in ce, "Inna, ya mai jiki?" Ta ce, "Da sauƙi." In ce, "Allah ya ƙara sauƙi," in wuce gidan wani.

Kada ki ce ban damu ba. Na damu har abinci ba ya wuce mini. Amma na ji mutane a bakin masallaci suna cewa, "Kai, Idi akwai kara. Ɗiyatai na kwance, ko leƙawa bai yi ba, shina can shina wahala da ɗiyan mutane." Maganar nan ta yi mini daɗi, Mariyama. Wannan shi ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Daɗinta ya tsaya tsakanina da tabarmar ƙofar nan. Innarki ita ma kunyar ta ɗaure ta fiye da ni, ba ta da bakin magana a kan 'yar fari. Rana ɗaya ta aje mini ruwa, ta juya baya, ta ce kamar da bango take, "Yarinyar can hwa kwana biyar ba ta buɗe ido ba." Na ce, "Inna na wurin." Ta tafi bayan rumbu, na ji tana kuka, ban bi ta ba.

Abin da na yi, na ba matar maƙwabcinmu bututun mai ɗaya na ce ta kai wa tsohuwa. Na ɗauka na sauke nauyi. Bayan wata biyu na ga bututun nan cikin kwallar Kaka Dije, ko huda bakinsa ba a yi ba. Ba mugunta ta yi ba, Allah ya ji ƙanta. Idon ya manne, yarinya na ihu in an taɓa, tsohuwa ba ta san yadda ake buɗewa ba, tana kuma tsoron abin Nasara. Sai ta yi abin da ta sani, ta jiƙa sassaƙe tana ɗigawa, tana shafa kwalli. To ki riƙe wannan. In mutum ya ce miki da sauƙi, gaisuwa ya amsa, bai gaya miki komai ba. Mutanenmu ko ana cire musu rai da sauƙi za su ce. Ki wanke hannu, ki fito da mai ciwo haske, ki buɗe idon da yatsanki ki gani. In kin ba da magani, ki sa na farko da kanki a gaban mai jinya, ki sa shi ya yi na biyu kina kallo, ki kuma komo ki ga ko bututun ya ragu.

Kuskurena na biyu ya fi wannan muni, don shi a gaban jama'a na yi shi, ido buɗe. Cikin kwanakin nan aka ce kwamanda mai mulkin yankinmu zai zo rangadi da kamyo, babbar motar kaya, ɗauke da jar dawa ta taimako. Maigari ya tara mu tun da safe ya ce kowa ya kama bakinsa, kada wanda ya ambaci yunwa ko mutuwa sai an tambaye shi. An ce a wani gari sakuris ya faɗi yawan yaran da suka mutu, aka ce sakacinsa ne, aka karɓe akwatin a gaban matansa. Ko gaskiya ne ko ƙarya ban sani ba, amma na kwana biyu ina goge akwatina da tsumma. Suka zo, soja biyu da bindiga, kwamanda da baƙin tabarau. Tare da su akwai wani saurayi ma'aikacin likita, siriri, Hausarsa ba ta nuna sosai ba. Shi bai kula da layin dawa ba, ni ya nema. Ya ce, "Sakuris, akwai yara wanda ido ya ruhe? Mota akwai wuri, yaro huɗu da uwaye. Mu kai Mayahi yau."

Na ruga na kawo uku. Ya duba su ɗaya-ɗaya, ya girgiza kai, ya sa aka hau da su. Ya juyo ya ce, "Saura wuri guda. Babu wani?" Gari duka na tsaye. Maigari na kallona, kwamanda na duban agogo, innarki na can cikin mata da ƙwaryar karɓar dawa. Abu biyu suka zo mini lokaci ɗaya. In na ce akwai tawa, za a ce Idi ya sami mota ya tura ɗiyarsa ta fari, ba kunya ba kara. Kuma za a ce wane irin sakuris ne wannan da ciwo ya ci gidansa yana zaune. Na ce, "Babu." Ya sake tambaya, "Ka tabbata?" Na ce, "Babu, likita." Kamyo ya tashi da wurin mutum ɗaya ba kowa, ina tsaye ina ɗaga musu hannu.

Cikin ukun nan ɗaya ta rasu a can. Biyu sun dawo da idonsu garau. Sale mai kabu-kabu, wanda ya miƙa miki takardar nan, yana cikinsu. Ki dubi idonsa da kyau kafin ya juya babur. Shi ya gaya mini da ya girma, uwarsa ta ce wani ɗan ƙwanso mai mai a ciki aka huda aka matsa masa a baki, aka yi ta wanke idon, shi ke nan. Abin da Barira ta rasa ke nan, ɗan ƙwanso da tafiyar rabin yini. Da ta fito daga ɗakin nan bayan kwana goma sha biyu, idon hagu ya yi fari fat da hakiya, na dama Allah ya bar mata shi tana gani, sai dai 'yar inuwa. Kaka Dije ta ce haka Allah ya ƙaddara. Kowa ya ce haka ne. Ni ma na ce haka ne, na kuwa san abin da na ce wa saurayin nan.

Za ki yi aiki ƙarƙashin manya, na farin kaya da na kaki, za su so su ji cewa komai lafiya. Za ki kuma yi aiki cikin mutanen da bakinsu ke yanka. Kada tsoron na sama ko maganar na ƙasa su sa ki rage mutum ɗaya daga cikin masu ciwo. In an tambaye ki saura akwai, in akwai ki ce akwai, ko naki ne, ko na wanda ba ku ga maciji da shi. Wanda zai yi miki gori gobe zai manta ya koma hirarsa. Ni waɗanda na ji wa kunya ran nan yawancinsu sun mutu, ban ma iya tuna fuskar wasu ba, yarinyar kuwa tana nan da idonta.

Da na tsaya nan da sauƙi. Amma mai laifi ba ya zama wuri ɗaya. Tana shekara tara na je kasuwar Attantane sayar da akuya, na iske wani mutum ya shimfiɗa tabarma da kwalabe, yana rantsuwa yana wanke hakiya da wani farin gari. Na san an hana mu wannan tun a kwana goman Mayahi, an ce kada a sa komai a ido in ba daga akwati ya fito ba. Na sani sarai. Amma na tsaya ina saurarensa, don shi ne mutum na farko da ya ce mini abin da na ɓata yana gyaruwa. Kasuwa ta gaba na sa ƙanena Abdu ya kai ta bisa jaki. Ko nan ban iya kai ta da kaina ba. Abdu ya dawo fuskarsa ba daɗi, ya ce, "Yaya, wanga abu ba magani ba ne. Sai da munka danne ta mu uku." Kwana uku tana kuka muna ji daga ɗakinmu. Idon hagun ya kumbura, ya fashe, ya shanye. Kafin nan tana rarrabe haske da duhu da shi. Tun ran nan ba ta sake yarda wani baƙo ya kawo hannu kusa da fuskarta ba.

Don haka in an kawo miki idon da ya riga ya mutu, ki faɗi gaskiya a fili, da taushi amma a fili, ki ce wannan ya tafi, mu tsare wanda ya rage. In kika yi kwana-kwana don kada ran mutum ya ɓaci, mai tabarma na jiransa a kasuwa, shi ba ya kwana-kwana. In kuma kin ga an riga an zuba wa ido wani abu, kada ki daka wa uwa ko uba tsawa, kada ki ce musu jahilai. Na ji ku 'yan lakwal kuna da saurin faɗin kalmar nan. Ni ba jahilci ya kai ni ba, na fi kowa sani a garin. Ki tambaye su a hankali me aka sa, yaushe aka sa, don in kin kunyata su ba za su komo ba, kuma ba za su bar maƙwabci ya zo ba.

Bayan wannan ban ƙara jin daɗin akwatin ba. Maganin ma ya daina zuwa, abin ya mutu shiru kamar yadda irin waɗannan abubuwa ke mutuwa a ƙasar nan. Yana nan, kin san shi, shi ne wanda innarki ke aje daddawa a ciki.

Yanzu ga na yau, wanda ke ma kina da hannu a ciki ba da saninki ba. Kin san yayarki da ido ɗayan nan ta yi aure, ta haifi huɗu, take jan ruwa a rijiyarmu mai zurfin nan, take surfe da girki cikin hayaƙi. Haruna mijinta ya tafi cin rani tun da aka ga hatsi ba zai yi ba, ba a san ranar komowarsa ba. Shekara biyu ke nan da na lura da ɗan hantsaki rataye a wuyanta da zare. Na san ma'anarsa, na ga irinsa a wuyan tsofaffi da yawa kafin su makance. Amodari ne, fatar ido ta naɗe ciki, gashin na kartar ƙwayar duk ƙiftawa. Ta tsige yau, ya tsiro jibi ya fi da kaifi. Na gani na kau da kai. Na ce wa innarki ta ce mata ta je likita, innarki ta aiki wata ta faɗa mata. Dubi tsufana, Auta, har yanzu aike nake yi.

Sai kika zo da Sallah da labarin an zaɓe ki. Ni na fi kowa baki ran nan, na bi gari ina cewa ɗiyata za ta zama likitar ido, makafin ƙasar nan sun huta. Da yamma kuna zaune tsakar gida, ina zaure ina ji, kika ce, "Yaya, ki aje mini idon nan naki, ni zan gyara shi da hannuna in na komo." Aka yi dariya. Ke wasa kike, ko kuwa ƙauna ce ta sa. Ita ba ta yi dariya ba, ta ɗauki maganar ta ɗaure. Watan jiya masu aikin ido suka sauka Gidan Amumune, mata bakwai daga garinmu suka je bisa amalanke, aka yi musu ɗan aiki a fatar ido, suka komo da bandeji, yau suna tankaɗe ba hawaye. Innarki ta aika mata ta bi su. Ta ce, "Baƙo ya taɓa mini ido sau guda, na ga abin da ya bari. Auta ta ce in jira ta, ita nika jira."

Na hau bayan Sale na je na sami babbar masu aikin idon, wata mace mai kamar shekarun yayarki, mai magana a tsaye. Na kwatanta mata komai. Ta ce, "Baba, shekara biyu? Wanga ido bai da shekara biyu, ko damina mai zuwa ban ce ya kai ba. In hwari ya hau bisa baƙin, babu mai kankare shi, ko ɗiyarka, ko malamin da za shi koya mata." Ta ce ranar Laraba za su zo Mayahi, daga nan su wuce wata jiha, ba ta san ranar da za su sake biyowa ta nan ba. Ki yi tunanin abin da zai biyo baya. Mace ba miji a gida, ba hatsi a rumbu, ga rijiya mai zurfi. Za a fid da Hawa babbar ɗiyarta daga lakwal ta zama 'yar jagora, ƙananan kuwa sai yadda Allah ya yi. Ki kiyayi alkawari a gaban mai ciwo, ko da wasa. Abin da kika faɗa kika manta, shi da shi zai kwana ya tashi.

Jiya da hantsi na yi abin da ya kamata in yi tun tana shekara huɗu. Na wanke hannuna da sabulu, na tafi gidanta. Tana tsakar gida tana sheƙar 'yar dawar da ta samo. Na yi sallama, ta ji muryata ta aje faifai za ta shige ɗaki kamar yadda ta saba. Na ce, "Tsaya. Zo nan cikin haske." Ta tsaya kamar ba ta gane Hausa ba. Matan gidan suka zuba mana ido, wata ta rufe baki da gyale. Na ce su yi ta kallo. Ta zo ta durƙusa kanta ƙasa. Na ce ta ɗago, ta kasa, sai da na sa hannu na ɗaga haɓarta. Na ɗaga fatar da babban yatsa. Gashi biyar na gani kwance bisa ƙwayar, idon ja wur yana ruwa. A gefen baƙin, ta ƙasa, akwai ɗigon fari kamar ƙwayar gero. Bai kai tsakiya ba tukuna.

Na ce, "Ya soma. Laraba za mu Mayahi, ni zan kai ki, ni zan riƙe miki hannu har a gama." Tana ta dubana da idon nan mai ruwa, kusa-kusa, sai ta ce, "Baba, ashe ka yi hurhura haka." Shekara goma ke nan da kaina ya yi fari, Mariyama. Gari ɗaya muke, rijiya ɗaya muke sha, ba ta sani ba. Na saki fuskarta na zauna bisa turmi a gaban matan mutane na yi kuka. Da na natsu na sake tambayarta zancen Laraba. Ta ce, "In Auta ta ce in tahi, sai in tahi."

To ga shi, magana ta komo hannunki. Ban ce ki fasa tafiya ba, kada ki kuskura. Ki tafi ki koyi aikin nan har ya zauna miki a hannu, ki komo daji inda ake bukatarki, kada Yamai ta riƙe ki. Akwai mata da yawa masu hantsaki a wuya tsakanin nan da Kona, za su ishe ki aiki har tsufanki. Amma yayarki ba ta cikin waɗanda za su jira ki. Kafin ki sa ƙafa a mota, ki karɓi salular Sale ki kira ta maigari, na roƙe shi ya kai mata har gida ya tsaya. Kada ki yi mata wasa, kada ki ce yadda ta gani. Ki ce kin janye maganarki, ki ce matar nan ta fi ki hannu, ki ce ke kika aiko ta. In ta yi gardama ki yi mata faɗa, ke kin iya, ni kika gado. In layi ya ƙi, ki bar motar yau ta tafi ki hau ta gobe.

Allah ya kai ki lafiya ya komo da ke lafiya. Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin birni, ya buɗe miki kai, ya sa albarka a yatsunki. Ya yafe wa Kaka Dije, ya yafe mini. Ni ban roƙi ya nuna mini ranar komowarki ba, in ya nuna na gode. Abin da nake roƙo, ranar da kika sauko daga mota da farar rigarki, Barira ta gan ki tun daga nesa, ba sai an ce mata ga Auta nan ba.

Na riga na gaya wa Sale ya zo ranar Laraba da sassafe da mai cike da tanki. Zan sa rigata in zauna ƙofar gidanta.

Ni ne mahaifinki,
Idi.